Gwanin da Ke Zaɓa wa Hannun Wani

A ce ƙungiyar manoma a Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Runji, tana son shafin intanet inda za ta riƙa sa farashin wake da aya, da sanarwar rabon iri kafin damina. Mai ƙera shafin yana Maradi. Wanda zai riƙa sauya rubutu kullum kuwa magatakardan ƙungiya ne, ba shi da kwamfuta, sai wayar hannu. Abin da ke haɗa su shi ne manhajar da ake shiga a gyara shafi ba tare da sanin ƙira ba. Zaɓen wannan manhaja gwaninta ce da ba a cika yaba wa masu ita ba, don in sun yi daidai babu mai lura.

Manhajojin ba su yi ƙaranci ba. Ga WordPress, wadda ta fito a 2003, yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Ga Drupal ta 2001, ga Joomla ta 2005, ga SPIP daga Faransa. Duk kyauta ne. Sabon shiga yakan bi wadda ta fi suna. Gwani kuwa, kamar tela, sai ya auna mai riga kafin ya sa almakashi.

Nan ne aikinsa ya fi burge ni. Yakan kafa shafin gwaji, ya miƙa wa magatakarda wayarsa ya ce, "Malam, sauya mini farashin tiyar wake, ka ɗora hoton buhunan can." Daga nan sai ya kama bakinsa. Yatsan mutumin yake kallo: ina ya tsaya yana shawagi, wane maɓalli ya ji tsoron dannawa, sau nawa ya koma baya. Shirun nan da wuya, domin wanda ya iya abu hannunsa ƙaiƙayi yake yi ya karɓe. Sannan da gangan ya mayar da wayar kan 2G. Shin manhajar tana rage nauyin hoto da kanta? In layi ya yanke ana tsakar rubutu, abin da aka rubuta yana nan ko ya bi iska? Manhajar da ta faɗi a nan ta faɗi ke nan, komai kyanta a ofis.

Sai haruffa. Kundin da Nijar ta kafa a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, amma ba kowane salon rubutu ne ya san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Wani sai ya nuna ɗan akwati a gurbinsu, wani ya aro harafin daga wani salo ya fito a karkace. A adireshin shafi ma ƙ guda tana iya rikiɗa ta koma %C6%99, a tura a WhatsApp mutane su ɗauka na damfara ne. Kuma mai bincike daga Katsina zai rubuta 'yan, mu nan mu rubuta ƴan; gwani yakan gwada duka biyu ya ga ko injin neman zai gane abu ɗaya ake nufi.

Maganar izini gajeriya ce. WordPress tana da matakai biyar, daga mai cikakken iko zuwa mai karatu kawai. Magatakarda a ba shi na edita: ya rubuta, ya goge, amma ba ya rushe ginin. Ƙananan manhajojin da ake liƙawa kuwa, ta nan ɓarayin intanet suka fi shigowa, don haka gwani yana rowarsu.

Yana kuma duba gaba. Wutar yankin Maradi ta Gazawa take shigowa daga Katsina, kuma kowa ya tuna yadda Najeriya ta katse ta a Agustan 2023; shi ya sa ba ya yarda shafin mutane ya zauna a kwamfutar ofishinsa, kuma yakan ajiye kwafi a wani wurin dabam. Manhajoji ma suna tsufa. An daina kula da Joomla 3 a Agustan 2023, Drupal 7 kuma a Janairun 2025, waɗanda suka gina a kansu dole suka yi ƙaura ko suka zauna ba tsaro. Saboda haka tun ranar farko yake tambayar yadda za a kwashe rubutu da hotuna in tafiya ta kama, ya kuma yi rajistar sunan shafin da sunan ƙungiya, ba nasa ba, ko da hakan na nufin gobe suna iya sallamarsa.

Wani lokacin ma, bayan duk gwajin nan, sai ya dubi shugaban ƙungiya ya ce, "Ranka ya daɗe, bana dai ku riƙe kuɗinku, shafin Facebook ya ishe ku. In kun fara sayar wa ƴan kasuwar Kano kai tsaye, ku neme ni."