Rigar Siminti, Jikin Ƙasa: Nazari Kan Bangon Buhu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau a ƙarshen damina, ya ratsa Mairuwa da Sheme da 'Yankara, in ya lura da gidajen bakin hanya zai ga bangon gabas ya fi kowane bango shan wuya. Daga gabas hadarinmu yake tasowa. Iska ta kwaso ruwan ta yi ta marin bango har yaɓe ya zube, tubali ya fito fili. Shi ya sa masu gida suke yi wa wannan bango sutura: wani ya jingina masa zana, wani ya kafa masa tsohon kwano, wani ya ɗinka buhunan taki ya rataya, ya danne bakinsu da duwatsu. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa bango ma yana son riga.

A wasu ƙasashe an kai wannan tunani gaba. Ana ɗaure buhu a jikin itace, a shafe shi da kunun siminti har ya daskare ya zama bango da kansa, ba bulo ba tubali. Masu yabon dabarar suna kiran ta gidan talaka, don mutum zai iya yi da hannunsa cikin 'yan kwanaki. A yankin da aka ƙone ƙauyuka, dubban iyalai suka rasa matsuguni, ga siminti ya yi tsada, bai kamata a yi watsi da irin wannan magana ba, bai kuma kamata a haɗiye ta ba tauna ba.

Yadda ake yin sa

Da farko a kafa dirkoki, a gilma sanduna kamar za a yi danga. Sai a samo buhun ashasha, wato irin na zaren rama mai ƙananan ƙofofi, a farke shi, a ja shi ya ɗame a jikin sandunan kamar fatar ganga. A jiƙa shi da ruwa, a dama siminti ruwa-ruwa kamar kunu, a shafa da burushi ciki da waje har ya ratsa saƙar. Idan ya kama, a ƙara shafi na biyu da na uku, wannan karon da yashi mai laushi, har kaurin ya kai na ɗan yatsa. Daga nan sai a yi ta ba shi ruwa safe da yamma kamar mako guda, domin siminti da ruwa yake nuna. In iskar hunturu ta busar da shi da wuri, sai ya riƙa marmashewa a hannu.

Buhun leda na taki ko na masara, wanda shi ne ya cika kasuwannin Ɗandume da Sheme a yau, bai dace da wannan aiki ba. Jikinsa santsi ne, ba ya shan ruwa, siminti ba ya kama shi. Kowane lebura ya san yadda daskararren siminti yake ɓarewa daga jikin buhunsa. Wannan ita ce ƙaya ta farko: buhun da ke da araha ba ya yi, wanda yake yi kuma ya yi ƙaranci.

Daga ina ya fito

Wani injiniya mai suna James Waller, wanda aka haifa a Tasmaniya a 1884 ya kuma yi aikinsa a Ayilan, shi ya fi kowa suna a wannan fanni. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Salonika, ya ga wani tanti da aka shafa wa siminti ya tsaya da kansa ko da an zare sandunansa. Daga baya ya ga tsohon bakan fadar Taisafun a Iraƙi, sai ya haɗa abubuwan biyu: ya riƙa shimfiɗa ashasha a kan lanƙwasassun katakai, nauyin siminti ya sa yadin ya ɗan lotsa tsakanin katako da katako, ginin ya fito da tudu da kwari kamar kwanon rufi. Da wannan tsari aka gina ɗakunan ajiya da na sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. A Ostireliya kuwa, lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, manoma sun yi bangon rumfuna da bukkoki da buhunan alkama da aka shafe da siminti.

Kusa da mu, gina madatsar Akosombo a Gana a shekarun 1960 ya tashi kimanin mutum 80,000 daga garuruwansu. George Nez, wanda ya yi aikin sake tsugunar da su, daga can ya ɗauko ra'ayin cewa rufi ya kamata a fara ba wanda ya rasa gida, bango ya biyo baya da abin da ya sawwaƙa. Shi ne daga baya ya yi fice da siraran rufi na raga da siminti mai haɗe da ruwan roba. A 2004 kuma wasu ɗalibai biyu a Landan, Peter Brewin da Will Crawford, suka ƙirƙiro Concrete Canvas, yadi mai busasshen siminti a cikinsa wanda ruwa kawai ake zuba masa ya sandare. Matsugunin gaggawa suka fara nufa, amma yau an fi amfani da shi wajen shimfiɗe magudanan ruwa da tare zaizayar ƙasa.

Abu biyu wannan tarihi yake nunawa. Na ɗaya, dabarar 'yar lalura ce: yaƙi da talauci da tashin gari ne suka haife ta, inda kuma hali ya samu, mutane sukan koma ga gini mai kauri. Na biyu, ƙarfinta a lanƙwasa yake. Wannan kuwa duk maginin rumbu ya san shi. Jikin rumbun ƙasa siriri ne, amma yana riƙe dawa dami bisa dami shekara da shekaru saboda zagayayye ne. Miƙaƙƙen bango mai irin wannan kauri ba zai kai labari ba. Saboda haka wanda zai gwada bangon buhu, siffar kago ta fi masa ɗaki mai kusurwa huɗu.

Ɗan'uwansa a gadonmu

Haɗa zare da abin da ke daskarewa ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Maginan da suka bar mana Hasumiyar Gobarau a Katsina, da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da ƙasa suka yi aiki, ƙasar da ake cuɗawa da ciyawa a bar ta ta ruɓa kafin a ɗora. Ciyawar ita ke hana tsagewa. A wajen yaɓe akwai makuba daga ɓawon ɗorawa, wadda ke sa ruwa ya zame. Sama da su duka akwai laso: a kwaso katsi daga gindin rijiyar marina, a dunƙula, a shanya, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake daɓe rijiyoyin rini da saman soraye. Katsi ya tsaya a matsayin siminti, gashi a matsayin zare. Abin da Waller ya gano a jikin tanti, marina da majema da magina sun riga sun haɗa kai a kansa tun kafin buhun siminti ya iso nan.

Sai dai su ba su taɓa mai da laso jikin gini ba. Fata ce a bisa, ƙasa ce a ciki. A nan ne hikimar take, kuma a nan ne bangon buhu ya saɓa musu.

Lissafin aljihu

A ɗauki ɗaki mai ƙafa 10 da 12, tsayinsa ƙafa 8. Fuskar bangonsa za ta kai murabba'in mita 32. In da bulo ne, ana neman kusan guda 300, kuma simintin buga su kaɗai zai kai buhu 8 zuwa 10, ban da na ɗorawa da na filasta. In da bangon buhu ne mai kaurin santimita 1, a haɗin siminti ɗaya yashi biyu, buhu 4 za su kusa isa. In an ninka kaurin don ya yi ƙwari, an koma 8. Sauƙin a fili yake. A watan Fabrairun 2024 farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, ga shi daga nesa ake jigilarsa, ko daga Kalambaina ta Sakkwato, ko Obajana ta Kogi, ko Ashaka ta Gombe. Duk buhun da aka rage, abincin kwanaki ne ga iyali.

Amma a Ƙetare ko Daudawa ko Damari, abokin karawar bangon buhu ba bulo ba ne. Ginin ƙasa ne, wanda ba ya cin siminti ko gwangwani ɗaya. In aka auna su biyu, ƙasa ce ke da rinjaye ta fuskoki da dama. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana ya riƙe shi har dare, shi ya sa soro yake da sanyi a bazara, da ɗumi a hunturu. Bango mai kaurin yatsa ba ya riƙe komai: rana ta dake shi, zafin ya faɗo ciki nan take. Zaren rama kuma ba ya jituwa da siminti na tsawon lokaci, domin siminti yana da kaifi irin na toka da kanwa, wanda ke cin zaren a hankali idan danshi na shiga, kuma wannan yanki ya fi arewacin jihar Katsina ruwan sama nesa ba kusa ba. Ga gara tana jiran dirkokin. Ga shi bango ne da ba ya ɗaukar nauyin azara, ba ya kuma jure duka. A ƙasar da mutane suke kwana da kunne ɗaya a buɗe, kaurin bango wani yanki ne na kwanciyar hankali. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a gini kuwa wani lokaci ba ta ma kai shekara.

Inda zai yi rana

Duk da haka, akwai wanda ginin ƙasa ya fi ƙarfinsa a yau. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi shan azabar 'yan bindiga. Duniya ta ji labarin harin Kadisau a watan Yunin 2020, ta ji na ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a ranar 11 ga Disamba ta waccan shekarar. Abin da ba a cika ji ba shi ne halin waɗanda suka tsero, suka raɓe a azuzuwan firamare da kangwaye da filayen aro. Ginin ƙasa yana son rani, yana son ruwa mai yawa, yana son gayya, yana kuma son fili na kanka. Wanda aka ara wa fili, bai san ko baɗi yana nan ba, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga irin wannan bawan Allah, abin da ake kwatanta bangon buhu da shi shi ne leda da tsumma da dangar kara. A nan kam ya yi musu fintinkau. Ba ya kama wuta kamar zana, iska ba ta yaga shi kamar tamfol, akuya ba ta cin sa. Mafi girma, yana ba mata sutura. Banɗaki da makewayi da ɗan shingen madafa su ne abin da macen da ta baro gidanta ta fi rasawa, kuma su ne wuraren da zafin bango ba ya damun kowa, nauyi kuma ba ya hawa kansu. Haka akurkin kaji da garken awaki da rumfar ajiye amfanin gona.

Amfani na biyu shi ne komawa ga bangon gabas. Yawancin masu ginin ƙasa da suka samu ɗan hali sukan yi masa filastar siminti kai tsaye, wani har da kusoshi da waya don ta kama. Bayan 'yan damuna sai ta ɗago ta faɗo falle-falle, domin ƙasa tana kumbura tana motsewa, siminti kuwa ba ya bin ta. Ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, ya ci bangon ta ciki. Da za a tsayar da fallen buhu mai siminti a gaban bangon, a bar tazarar tafin hannu iska na ratsawa, da ruwa ya daki riga, jiki kuma ya ci gaba da numfashi. Zanar da kakanninmu suke jinginawa ce, aka ƙara mata kwana.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu

Ciwon ruɓewar zare ma yana da magani a kusa. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna nazarin ta. Idan aka gasa irin wannan ƙasa da zafin da ya kai wajen digiri 700, aka niƙa, aka maye wani kaso na siminti da ita, tana rage kaifin nan da ke cin zare. An gwada haka a Burazil da zaren tsirrai, an kuma ga zaren ya ƙara daɗewa. Tokar ɓuntun shinkafa ma tana irin wannan aiki. A gasa, a daka, a haɗa da zare: hanyar katsi ce sak. Rama kuwa tana fitowa a gonakinmu, yankin da ya ciyar da injinan gurzar auduga na Funtuwa kuma ba a koya masa noman zare.

Abin da ya rage shi ne gwaji na gaskiya. Kwalejin Hassan Usman Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma suna da sassan da za su iya tsayar da 'yan bangwaye a Faskari ko Sabuwa, su bar su su sha damina uku, su auna zafi da tsagewa da kuɗi, sannan su faɗi sakamakon da Hausa. Kuma a zauna da magina tun ranar farko, don su suka san wace ƙasa ce ke da danƙo, wace iska ce ke kayar da katanga. Kada a kai wa wanda ya rasa komai abin da ba a gwada ba, ya zuba ɗan abin da ya rage masa a bangon da zai zube a kan 'ya'yansa.

Ɗan gudun hijira yana da haƙƙin samun sutura yau, kuma bangon buhu zai iya ba shi ita. Amma burinsa, wanda ya kamata ya zama na hukuma da na kowa, shi ne ranar da zai koma kufansa, ya kira gayya, a kwaɓa ƙasar da ubansa ya kwaɓa. A ranar, in akwai ragowar buhu da rabin siminti, sai a ɗinka wa bangon gabas riga.