Gardamar Hilel da Shammai

A cikin littattafan malaman Yahudawa akwai wani labari da ake yawan yabo, na almajiran Hilel da na Shammai, malamai biyu na Birnin Ƙudus a zamanin Sarki Hirudus. Talmud ya ce sun shekara 3 suna jayayya, sa'an nan wata murya daga sama ta gaskata su duka, amma ta bar hukunci ga mutanen Hilel, don sukan kawo hujjar abokan gardamarsu kafin tasu. Mishna kuwa, wadda aka harhaɗa wajen shekarar 200, ta ce saɓaninsu kan dokokin aure bai hana su auratayya ba.

Labarin ya yi armashi, amma fa a lura da bakin da ya fito. Magadan Hilel ne suka rubuta shi, wato wanda ya ci kokawa shi ke yi wa kansa kirari. Talmud na Ƙudus ma ya ambaci wata rana da mutanen Shammai suka zare takubba, har aka zub da jini. Abin da na yaba wa marubutan shi ne, ba su shafe ra'ayin wanda aka kayar ba. Sun ajiye shi don wata majalisa nan gaba ta iya komawa kansa.