Fim ɗin Zanen Hannu da Idon Manomi: Waɗanda Suka Cancanci a Nuna a Karkarar Kano

Abin da wannan maƙala ta ƙudura shi ne ta gabatar wa malamai da ɗaliban nazarin Hausa wasu finafinai na zanen hannu, ta kuma auna su da ma'auni guda, watau yadda kowannensu ya zana ƙasa da wanda ke nomanta. An zaɓi wannan ma'auni ne saboda masu kallon da ake nufi su ne yaran makarantun ƙasar Bichi da Dambatta da Kunchi da Tsanyawa, waɗanda suka san gona tun kafin su san allo. Yawancin malamanmu suna ɗaukar katun a matsayin wasan yara, ba abin nazari ba. Wannan ra'ayi ya sa an bar zaɓin abin da yara ke kallo a hannun masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa.

Ya kamata a fara sanin yadda aikin yake. Na'urar fim tana nuna hoto 24 a cikin daƙiƙa guda. Mai zane yakan rage wa kansa wahala ya zana 12, a ɗauki kowanne sau biyu. Ke nan fim na minti biyar yana iya cin zane 3,600. Wanda zai yi irin wannan aiki ba ya sa kome a hoto sai da dalili, domin duk ganyen da ya motsa sai da hannu ya motsa shi. Ta nan ne fim ɗin zane ya yi kama da tatsuniya: mai ba da ita ba ya siffanta gidan Gizo daki-daki, sai ya ambaci abin da labari ke bukata, mai sauraro ya cike sauran da kansa. Saboda haka tambayar da mai nazari zai yi ita ce, me mai zane ya zaɓa, me kuma ya bari?

Na kusa da mu shi ne Moustapha Alassane, mutumin Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015. Tun yana yaro yakan yi wa mutanen garinsu wasan inuwa da fitila. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, sa'an nan ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. Fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966 bai wuce minti biyar ba, baƙi da fari ne, zanen kuwa layi ne kawai, ba ado. Wani kwaɗo ne mai suna Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, aka gayyace shi ziyara maƙwabciyar ƙasa, aka tarbe shi da fareti da duk wani tsarin ban girma. A lokacin Nijar tana shekara shida da samun mulkin kai, ba kuwa sai an gaya wa mai kallo su wa ake nufi ba. Habaici ne irin wanda tatsuniya ta saba yi, a sa wa dabba rawani don a faɗi abin da ba a iya faɗa wa sarki. Amma bisa ma'auninmu, ƙasa ba ta cikin abin da ya dami Alassane a nan. Fili ne fari wanda kwaɗi ke tafiya a kai. Wanda ke son ganin ya dawo dandali sai ya nemi Kokoa, watau kokawa, ko da yake wannan da 'yan tsana aka yi shi, ba da zane ba.

Fim ɗin da ya fi bukatar dogon bayani shi ne L'homme qui plantait des arbres, watau mutumin da ke shuka itatuwa, wanda Frédéric Back ya yi a gidan rediyo da talabijin na Kanada a 1987, ya kuma ci lambar Oska a 1988. Tsawonsa rabin sa'a ne, an ce ya ci wa mai shi shekara biyar. An gina shi ne a kan gajeren labarin marubucin Faransa Jean Giono na 1953. Wani matafiyi ne, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya faɗa wata busasshiyar ƙasa a kudancin Faransa, inda ƙauyuka suka zama kufai, maɓuɓɓugai suka ƙafe. Can ya gamu da makiyayi, Elzéard Bouffier, wanda kowane dare yakan tsince 'ya'yan itace ɗari masu kyau, da safe ya bi tudu yana huda ƙasa da sandan ƙarfe yana binnewa. Cikin shekara uku ya binne 100,000, guda 20,000 suka tsiro, yana kuma sa ran rabinsu ne za su rayu. Bayan shekara talatin da wani abu sai ga ruwa ya dawo, mutane sun dawo.

Ta fuskar zane ban san wanda ya fi shi ba. Back ya yi amfani da fensir mai launi, ya bar sawun fensirin a fili, har hoton yana rawa kamar zafin rana a kan faƙo. Farkon fim ɗin kusan launi ɗaya ne, ruwan ƙasa da toka-toka, iska tana kwasar layukan zanen kansu. Yaron Kunchi da ya san hunturu ba zai bukaci tafinta ba a wannan wuri. Launi yana shigowa ne sannu a hankali, gwargwadon girman itatuwa, har a ƙarshe allon ya cika da kore da shuɗi. Watau launi shi ne ke ba da labarin, muryar mai magana tana biye.

Sai dai akwai abin da malami ya kamata ya faɗa wa ɗalibansa. Giono da kansa ya bayyana a wata wasiƙa ta 1957 cewa Bouffier ƙagagge ne, ba a taɓa yinsa ba. Wannan ba aibi ba ne ga adabi. Aibin yana cikin darasin da fim ɗin ke koyarwa, cewa ƙasa tana farfaɗowa ne a hannun mutum ɗaya, bayan jama'a sun watse. Abin da aka gani a ƙasar Kano akasin haka ne. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin karkarar da ke kewaye da birni tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa inda jama'a suka fi cunkoso, ake noma kowace gona kowace shekara ba hutu, itatuwa ba su ƙare ba. Dalili kuwa shi ne kowace bishiya tana da mai ita. Ana gadon ɗorawa saboda kalwa, ana barin kuka saboda miya, ana kiyaye gawo saboda yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya ciyar da awaki. Jakai suna ɗauko taki a mangala suna zubawa a gona. Ba gwarzo ɗaya ya yi wannan ba, gidaje dubbai ne. In an nuna wa yaro fim ɗin Back ba tare da wannan bayani ba, zai fita yana ganin kakansa bai shuka kome ba.

Wanda ya gyara wannan gurbi shi ne Isao Takahata na Japan, a fim ɗinsa na 1991, Omohide Poro Poro, wanda Turawa suka sa wa suna Only Yesterday. Wata ma'aikaciyar ofis ce a Tokiyo, Taeko, 'yar shekara 27, ta ɗauki hutu a 1982 ta tafi lardin Yamagata taya wasu manoma tsinkar wani fure mai ƙaya da suke kira benibana, wanda ake fid da jan rini daga gare shi. Takahata ya tsaya a kan aikin kamar mai koyar da sana'a: ana tsinka da asuba, lokacin da raɓa ta tausasa ƙaya, a wanke, a bar shi ya ruɓa, a dunƙula, a shanya. Duk wanda ya ga yadda ake sarrafa baba kafin ta isa karofi zai gane girmamawar da ke cikin wannan. Akwai wurin da Taeko ta yaba wa kyan daji, sai saurayin manomi ya nuna mata cewa abin da take kallo, daga fadama har rafi da itatuwa, hannun manoma ne ya tsara shi tun kaka da kakanni. Maganar Mortimore ce sak, a bakin wani manomi na wata nahiya. Har wa yau, in Taeko ta tuna ƙuruciyarta ta 1966, sai gefen hoton ya koɗe ya koma fari, kamar yadda tunani ke riƙe tsakiya ya saki baki. Fim ne na manya, mai nawa, ya fi dacewa da ɗaliban kwalejin horon malamai. Ga ƙanana kuwa akwai Heidi, jerin kashi 52 da shi Takahata ya yi a 1974, labarin yarinya da kakanta da awaki a kan dutse.

Kirikou et la sorcière na Michel Ocelot, na 1998, shi ne wanda aka fi sani a nan, kuma tambayar da jaririn ke yi, me ya sa mayya Karaba ta zama muguwa, tambaya ce mai kyau. Amma ƙauyen da aka zana ba na kowa ba ne, tsirransa na ado ne, ba na ci ba, matan kuma ba riga. Shugaban makaranta a Dambatta ya duba shi tukuna kafin ya tara iyaye.

Saura batun harshe, wanda shi ne ya fi shafar wannan mujalla. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa sun saba cike kowane shiru da magana, wani lokaci da barkwanci. In aka yi wa Back ko Takahata haka, an kashe su, domin rabin aikinsu a cikin shiru yake. Ko kalma ɗaya ma tana iya tsai da mai fassara. Abin da Bouffier ya shuka, da wane suna za a kira shi? In aka ce daji, to a kunnen Bahaushe daji shi ne inda ba a noma, wanda ya mai da ƙasa daji kuwa ba yabonsa ake yi ba. In aka ce gandun daji, tsofaffi za su tuna malamin daji da tarar da yakan ci wanda ya sare reshe. Kurmi ya fi kusa, amma kurmi yana tafe da duhu da damshin kudu, alhali zanen Back cike yake da haske. Ni dai da zan bar shi a itatuwa kawai, kamar yadda manomin Bichi zai ce in yana nufin waɗanda ke tsaye a gonarsa.