"Firi" Ba Sakin Linzami Ba Ce



Akwai wata kalmar Turanci da ta shige mana baki har ta shige mana littafi, wato "firi". Ran nan a wani gidan biki nan Kumbotso na ji wata yarinya tana ce wa ƙawarta, "Haba ke kuwa, ki zama firi mana!" don kawai ta ƙi yar da mayafi ta shiga fili. Maganar ta tsaya mini a rai.

A Turanci kalmar tana nufin ɗa wanda ba bawa ba, tana nufin kyauta, tana kuma nufin abin da aka kwance aka sake shi. Mu kuwa ta ƙarshen muka riƙe, har firi ta koma ballagaza.

Mu marubuta muna da namu laifin. Da mun tashi nuna wayayyiyar yarinya sai mu cire mata kunya, mu sa ta daka wa uwarta tsawa. To, uban da ya karanta wannan, ina zai yarda 'yarsa ta wuce firamare?

Ku duba littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila?, na 1990. An cire Abu daga makaranta, aka aura mata tsoho Sarkin Noma. Ta gudo Kano, amma ba yawon banza ta shiga ba, karatu ta koma har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ta kwance mata ƙangi, ba ta kwance mata tarbiyya ba. Wannan ita ce firi ta gaskiya.

Duk wadda ta taɓa zuwa Kura ko Bunkure ta ga ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. In an sako shi ya bi magudanarsa, sai shinkafa da tumatir da alkama, har cikin rani. In kuwa aka tare shi ɗungum, gona ta bushe. In ya ɓalle ya bar hanya, ya cinye shukar. Haka 'ya mace take: kulle ta ba ilmi asara ne, sakinta ba kwaɓa ma asara ne.

Don haka in 'yarki ta ce tana son zama firi, kada ki yi saurin zaginta. Zaunar da ita ki tambaye ta, wacce daga ciki?

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.