Tsaga da Amana: Nazari a Kan Sana'ar Makitsiya

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin masu tara 'yan mata suna koya musu dabarun neman na kai, cewa wai sana'ar gyaran gashi da kwalliya baƙuwa ce a ƙasar Hausa, ba ta sauka ba sai da aka kawo na'urar busar da gashi da akwatin hoda mai launi iri-iri, kuma wai abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi a tsakar gida, bisa kujera 'yar tsuguno da kan wata a tsakanin gwiwoyinsu, taimakon juna ne kurum da rage dare, bai kai a kira shi sana'a ba. Wannan magana ba ta da hujja ko ta anini, kuma da masu faɗarta sun taɓa leƙa gidan makitsiya ranar jajibirin Salla, suka ga mata sun yi sahu tun daga bayan asuba har a kunna fitila, kowace da kuɗinta ƙulle a bakin zane, da sun sassauta harshe.

Tarihin abin sananne ne, ba ya bukatar dogon sharhi. Kakanninmu sun yi doka, suka ɗora gashi bisa matashin tsumma, suka shafe shi da man shanu da shuni; suka yi ado da kwalli da katambiri da lalle, suka rina haƙora da fure da goro. Daga baya cuɗanya ta kawo shuku daga ƙasar Yarabawa, ta kawo kalaba, kamar yadda dilka da halawa suka biyo ta Barno daga wajen Sudan. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa ciniki mai yawa yana gudana a cikin gidaje, a hannun matan kulle, inda idon baƙo ba ya kai. Kitso kuwa a cikin irin wannan kasuwa ya girma. Har malaman fiƙihu ba su ƙyale shi ba, domin mas'ala ce da kowane ɗalibin Risala ya karanta, cewa ba a wajabta wa mace tsefe kitsonta domin wankan janaba ba, masu sharhi kuma suka ƙara da cewa sai fa in ya yi tsaurin da ruwa ba ya ratsa shi. Haka nan hadisin da ya hana ƙarin gashi yana cikin Buhari da Muslim. Da kitso abin wasa ne, da fuƙaha'u ba su ɓata tawadarsu a kansa ba.

Amma abin da nake so a tsaya a duba da idon basira shi ne tsaga, domin a ra'ayina a nan ilmin makitsiya yake dungum, saƙar gashin kuwa aikin yatsu ce da kowace yarinya ke iya koya a kan 'yar tsana ko a kan ƙanwarta. Bayan an tsefe, an wanke da karkashi ko sabulu, an taje, an sa mai, gwanar makitsiya ba ta fara kama gashi, sai ta ɗaga haɓar mai kitson ta dubi fuskarta, sa'an nan ta ɗora bakin kibiya a tsakiyar goshi daidai da karan hanci, ta ja layi ɗaya har ƙeya ba tare da ta ɗaga hannu ba. Wannan layi na farko shi ne mizanin dukan aikin: in ya karkace da faɗin ƙwayar gero a goshi, kafin a kai bayan kunne karkatar ta zama faɗin yatsa, ɓangare ɗaya ya ɗauki kitso bakwai, ɗayan ya ƙare a shida da guntu, kuma babu man da zai ɓoye wannan aibi.

Wahalar kuwa ta samo asali ne daga cewa kan ɗan Adam ba allo ba ne. Ɗauki shuku, wanda dukan layukansa ke tasowa daga goshi da gefen kunne da ƙeya su haɗu a tsakar ka, tamkar itatuwan jinka da ke haɗuwa a ƙololuwar ɗaki. Da yake da'irar da aka taso daga gare ta ta fi wurin haɗuwar faɗi nesa ba kusa ba, tilas ne kowane yanki ya fara da faɗi ya riƙa tsukewa sannu a hankali, kuma tilas ne gashin da yatsa ke tsintowa a kowane taki ya riƙa canjawa bisa ga wannan gwargwado, in ba haka ba kitson ya kumbura a wani wuri ya rame a wani. Ga kuma inda gashi ya yi juyi, ga tabon tsohon ƙurji, ga gefen da ya fi cika, ga ƙeyar da ta fito da wadda ta shige. Duk makitsiya tana lissafa su a ka, ba alƙalami ba ma'auni, tana kuma amsa hirar da ake yi a tsakar gidan. Wani Ba'amurke, Ron Eglash, ya kawo kitson Afirka cikin misalan lissafi a littafinsa na 1999, kuma madalla da shi, sai dai mu ba ma bukatar shaidarsa kafin mu yarda da abin da muke gani a kan 'ya'yanmu.

Masu ganin zanen yawo ya fi shuku nuna gwaninta, saboda lanƙwashe-lanƙwashensa, ban bi su ba. Lanƙwasa tana rufa wa kuskure asiri; miƙaƙƙen layi kuwa ba ya rufa wa kowa.

Daga tsaga sai nauyin hannu. Mata sukan ce wance hannunta zafi gare shi, wance kuwa hannunta ya karɓe ni, masu ilmin zamani su yi murmushi su ce camfi ne, alhali kuwa bayani ne na gaskiya da aka faɗa a taƙaice. Makitsiyar da ke ɗaure gaban goshi tamau domin kitso ya daɗe, har ƙananan ƙuraje su feso mai kitson ta kwana ba ta iya ɗora kai a matashi, ita ce ke cinye gashin gaba shekara bayan shekara, kuma likitocin fata sun tabbatar cewa yawan ja yana kashe saiwar gashi. Wadda ta iya takan bar sabon gashin goshi ya huta, ta ɗaure inda gashi ke da ƙarfi, ta yarda kitsonta ya tsufa da wuri, domin ta san kan da ta tausaya wa shi ne zai dawo mata.

A nan ne maganar kasuwanci ta shigo, kuma a nan ne na fi saɓa wa malaman zauren taro masu koya wa 'yan mata neman na kai. Su suna koyar da cewa ginshiƙin sana'ar shi ne hoto: a ɗauka, a ɗora a Instagram, jama'a su gani su zo. Wannan ya dace da mai kwalliyar fuska, wataƙila ya dace da kitson kudu, wanda J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunansa a 1968 har ya tara kusan dubu. Amma kitson Bahaushiya yana ƙarƙashin ɗankwali da mayafi, ba mai ganinsa sai miji da muharramai da 'yan'uwa mata a ɗakin amarya ko na mai jego. Fasahar da shari'a da al'ada suka suturta ba ta da mai talla sai bakin wadda aka yi wa, kuma mace ba ta tura ƙawarta gidan da aka taɓa fallasa ta. Makitsiya tana ganin furfurar da aka rina, da sanƙon da aka ɓoye, tana jin labarin kishiya da na uwar miji tun daga tsaga ta farko har tufkewar ƙarshe. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya fita waje, ranar ta karya jarinta, ko da ta fi kowa iyawa a unguwar. Kibiya da mataji da kwalbar mai ba su kai kuɗin kirki ba, kuma da adashi mata da yawa suka tashi daga tsakar gida suka kama hayar shago, suka sayi janareta, suka ɗauki yara masu koyo. Abin da ba a saye da adashi shi ne amana, kuma galibin shagunan da na ga sun ɗore, matan da suka saba zama a gaban mai shagon tun tana tsakar gida su ne suka biyo ta.

Ba ina ƙin kwalliyar zamani ba ne. Yarinyar da ke karɓar kafin alƙalami, ta ɗauki jakarta da fitilarta ta isa gidan biki a kan lokaci, ta kuma wanke kayan aikinta tsakanin fuska da fuska, tana cin halaliyarta, kuma ta fi makitsiyar dā sanin darajar lokacinta, wadda sau da yawa akan sallame ta da goro da Allah ya yi albarka. Abin da nake zargin masu kwalliyar zamani da shi ɗaya ne: da yawansu fuska guda suka haddace, gira guda, hanci guda, hodar da ta fi fatar amarya haske, sai su ɗora ta a kan kowace amarya, har uwar ango ta shiga ɗaki ta rasa wadda ɗanta ya aura. Wannan ciwo ne na wanda bai koyi duban kai kafin ya ja layi ba. Saboda haka da za a nemi shawarata a cibiyoyin koyon sana'a na Kano ko Kaduna ko Damagaram, da na ce kada a miƙa wa ɗaliba akwatin hoda sai ta yi zaman koyo a gaban tsohuwar makitsiya, kada kuma a ba ta takardar shaida sai an zaunar mata da 'yar shekara bakwai mai mutsu-mutsu, ta tsaga mata shuku, malama ta ƙirga dama da hagu.