Jarumi mai suna da jarumi marar suna: Herkul na Beham da mayaƙan duwatsun Abzin

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce amsa tambaya guda: mene ne ke sa mai kallo ya shaida jarumi cikin zane? Za mu gwama zanen da aka karta kan jan ƙarfe a Jamus a ƙarni na 16 da waɗanda aka sassaƙa kan duwatsun Abzin, a kewayen Cirozerin da Arlit.

Herkul na Beham

Tsakanin 1542 da 1548 Sebald Beham, haifaffen Nuremberg, ya karta faranti 12 kan aikace-aikacen Herkul, gwarzon tatsuniyoyin Girka da Rum. Faɗin kowanne bai kai santimita 8 ba. Duk da ƙanƙantarsu, mai kallo ba ya ɓata: ga kulki, ga fatar zaki, ga rubutun Latin da ke faɗin abin da ke gudana. Wato labarin ya riga zanen, aikin zanen tunatarwa ne kawai. Ɗaya daga cikin farantan na nuna kokawar Herkul da Ante, ƙaton da Girkawa suka ce a Libiya yake, sunan da suke kiran arewacin Afirka da shi.

Mayaƙin Abzin

A ƙoramar Mammanet, wadda Henri Lhote ya buga littafi a kanta a 1979, da wurare da dama na Abzin, akwai mutum mai fuskantar mai kallo, da gashin tsuntsu a ka, da mashi, da ƴar garkuwa, sau da yawa yana riƙe da doki. A Iwelen, inda Jean-Pierre Roset ya yi tono, zanen masu mashi na da alaƙa da wani mazauni na shekaru dubu na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. Alamun jarumta sun cika, sai dai labarin da mai sassaƙa ya sani bai iso gare mu ba.

Masanan Turai sun cike wannan giɓi da laƙabin « guerrier libyen », mayaƙin Libiya. A ganinmu laƙabin na da illa, domin yana ɗauko mazubin Herodot da marubutan Girka ya kifa kan zanen da ba a yi don su ba. Ɗalibin da ya ji shi zai ɗauka an san asalin mutumin, alhali siffa kaɗai aka bayyana.

Su kuwa Abzinawa, da yawansu na danganta zanen duwatsu da rubutun tifinar ga Aniguran, ko Aligurran, gwarzo mai wayo wanda Mohamed Aghali-Zakara da Jeannine Drouin suka nazarci labaransa a 1979. Wannan ma ba ya gaya mana wanda ya yi sassaƙar. Amma yana nuna yadda mutanen da ke kiwo a gindin duwatsun suka karanta su, suka ba su labari.

Kammalawa

Beham ya sami labari ya yi masa zane, Abzinawa sun tarar da zane suka yi masa labari. Saboda haka muna ba da shawara ga ɗaliban da ke fita bincike su riƙa naɗar abin da dattawan wurin ke faɗa kan kowane dutse, tare da awo da hoto. Dutsen Dabous ya daɗe dubban shekaru, ana iya komawa gare shi baɗi. Dattijon da ya san labarin ba shi da wannan tabbaci.