Mun Ba Shata Dakta, Amma Wa Zai Koyar da Kalangu?

Mai karatu, in dai kana kallon finafinanmu na Hausa, musamman na sarauta, to na san ka sha ganin irin wannan fitowa: sarki ya fito daga fada, dogarai na gaba, a gefe ga wani bawan Allah ya kumbura kumatu da algaita a baki, wani kuma ya rataya ganga. Amma sautin da ke shiga kunnenka fa? Na fiyano ne. Yatsun mai algaita na gabas, kiɗan na yamma. Wani lokaci ma makaɗin ya ɗaga hannu sama, amma ganga na ta amo ita kaɗai. Da yawanmu dariya muke yi mu ce sakacin darakta ne. To, akwai sakacin darakta, amma ciwon ya wuce nan. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: a ina makaɗin Bahaushe yake koyon sana'arsa a yau, kuma wa ke koya masa?

Makarantu uku ne a gabanmu: gida, jami'a, da situdiyo. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Makarantar gida ita ce ta asali. Ka ɗauki ƙasar Gumel, daga cikin gari har Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. Nan ma kamar sauran ƙasar Hausa, kowane kiɗa da masu shi. Tambari da kakaki da algaita na fada ne, su ake ji ranar hawan salla. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, gangar noma ta manoma ce a wurin gayya, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba. Yaron da aka haifa a gidan kiɗa ba a zaunar da shi a ce yau darasi na ɗaya. Ɗaukar kaya zai fara, sai a ba shi ƙaramar ganga irin kuntuku ya riƙa riƙe wa manya, sai ya shiga sahun 'yan amshi, ya yi shekaru yana karɓi kafin a yarda ya ja gaba. A cikin waɗannan shekarun ne yake koyon ɗaure fata, da take na kowace sarauta, da salsalar gidaje, da sanin lokacin da ake yin shiru. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta wannan hanya ya bi: ya gaji mahaifinsa, ya kuma daɗe a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Kada ka raina wannan karatu, mai karatu. Kalangu yana magana ne domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, makaɗi kuma yana matse tsarkiya a hammata ya sassauta, sautin ya hau ya sauka daidai da kalmar da yake nufi. Mai algaita kuwa yana tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci ba tare da busar ta yanke ba. Wannan ba abin da ake iyawa ba ne cikin wata uku. Matsalar ita ce makarantar gida ba ta da albashi, ba ta da takardar shaida, kuma 'ya'yan gidan sun ga abin da iyayensu suka gani. Yaro ya fi son ya je boko, ko ya kama sana'ar waya, da a kira shi maroƙi. Wa zai ga laifinsa?

Sai makaranta ta biyu, wato jami'a. A nan ne taken wannan sharhi ya fito. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. Jami'ar Jos ita ma ta karrama Ɗanmaraya da irin wannan digiri. Abin alfahari ne, ba musu. Kafin nan, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya samu nasa digirin na dakta a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, littattafansa irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka sun zama abin riƙon ɗalibai. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin kiɗan finafinai da tasirin Indiya a kansa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihin Shata mai kauri. Ba wanda zai ce an yi barci.

To amma ka lura da inda wannan aiki ya fi zama: sashen harsunan Nijeriya. Abin da ake nazari shi ne waƙa a matsayin adabi, wato jigo da salo da zubi da tsari. A rubuce ake kawo waƙar, a rubuce ake fiɗe ta. Ɗalibi zai iya rubuta kundi guda a kan salon kambamawa a bakin Narambaɗa, ya fita da sakamako mai kyau, alhali bai taɓa riƙe kotso ba, bai kuma san me ya bambanta amon kotso da na taushi ba. Kamar mutum ne ya yi digiri a kan tuwo bai taɓa riƙe muciya ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Kalmominsu suna nan a kundaye. Hannun da ke kaɗa kuntigi fa, wa ya gada a aji?

In ka leƙa kudancin ƙasar nan, tafiyar daban ce. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, daga baya irin su Ife suka biyo. A can akwai mutanen da aikinsu ke nan: su koyar da safe, su hau dandamali da dare. Fela Sowande, wanda ya rasu a 1987, gwanin organ ne da ya taso a coci a Legas, ya yi karatu a Landan, ya ƙare yana koyarwa a jami'o'in Amurka. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, fiyanon Turawa ya karanta a Landan, amma digirinsa na dakta a Jami'ar Gana a kan dundun ya yi shi, wato ɗan'uwan kalangu na Yarbawa, ya kuma koyar a Ife da Legas da Pittsburgh. Masu kallon finafinan kudu kuwa sun san fuskar Laz Ekwueme, dattijon nan da ke yawan fitowa a sarki ko attajiri. To farfesan kiɗa ne na Jami'ar Legas, a Jami'ar Yale ya yi dakta, yana da ƙungiyar mawaƙa tasa, kuma basarake ne na gaske a garin Oko.

Me ya sa abin ya kama a can bai kama a nan ba? Dalilan a bayyane suke. Karatun kiɗa na boko ta coci da makarantun mishan ya shigo, da organ da waƙar taro da rubutun kiɗa irin na Turawa, don haka Musulmin Arewa ya ɗauke shi kayan wasu. Ga kuma saɓanin malamai a kan hukuncin kiɗa, wanda ba yau ya fara ba. Ga matsayin makaɗi a tsarin zaman Hausawa: ana son kiɗansa ranar biki, amma gidaje da yawa ba sa son ba shi aure. Uba zai sayi kaset ɗin Shata goma, amma ɗansa ya ce zai karanta kiɗa a jami'a, ranar sai an kira dangi.

Da gida ya raunana, jami'a kuma ta tsaya a takarda, sai makaranta ta uku ta cike gurbin: situdiyo. Tun daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano irin su Iyan-Tama, kiɗan fim ya samu sabuwar alƙibla. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa kowa cewa waƙa ita ce ke sayar da kaset. Ni ban raina waɗannan matasa ba. Da kunne suka koya, ba malami ba littafi, suka gina sana'ar da ta ci da dubban mutane, muryoyi irin na Misbahu M. Ahmad da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka shiga kowane gida daga Kano har Agadas. Amma koyon situdiyo gajere ne. Yaro zai zauna kusa da mai gidansa, ya haddace maɓallan da ake dannawa, ya san kiɗan da ke cikin na'ura, shi ke nan ya buɗe nasa wurin. Yau kwamfuta ta karɓi aikin da yawa, har muryar da ta kauce ana miƙar da ita, amma tarbiyyar ba ta canza ba.

Sakamakon kana jin sa da kunnenka. Kiɗan soyayya da na mutuwa da na fada kusan ƙafa ɗaya suke tafiya. Kalangun na'ura ba ya magana, domin ba shi da tsarkiyar da za a matse. Sannan mun takaita kiɗan fim ga waƙa da rawa, mun manta da kiɗan da ke rakiyar labari, wanda zai sa gabanka ya faɗi kafin a buɗe ƙofa. Indiyawan da muke kwaikwayo ba haka suke ba: A. R. Rahman ya taso a situdiyo tun yana yaro, amma ya haɗa da karatun kiɗa na ƙa'ida, kuma a 2008 ya buɗe makarantar kiɗa a Chennai. Mun ɗauko rawarsu mun bar makarantarsu.

Na san wani zai ce: ai Shata bai je jami'a ba, bai ma gaji kiɗa ba, baiwa ce. Gaskiya ne, shi haye ya yi. Amma makaɗan da ke bayansa fa? Su ai koya suka yi, a wurin waɗanda suka iya. Baiwa tana buƙatar inda za ta sauka. In babu masu kalangu, ko an haifi wani Shatan, da wa zai tsaya?

Wanda yake ganin abin ba zai yiwu ba a ƙasar Musulmi, to ya je Maigatari ranar Alhamis, ya dubi inda raƙuma da shanun kasuwa ke fitowa. Ƙetaren iyakar nan jihar Damagaram ce ta Nijar, mutanenmu ne, addininmu ɗaya. A 1989 Nijar ta buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai sunan Alhaji Taya, inda ake ajiye kayan kiɗan gargajiya ana kuma koyar da su. Malam Maman Barka, haifaffen Tesker a cikin jihar ta Damagaram, malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi, ya kuma yi aiki a wannan cibiya. A 2002 hukumar UNESCO ta tallafa masa ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda shi kaɗai ya rage gwani a kan biram, wani abin kiɗa na Buduma mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale. Mutum ne da ya riga ya yi suna, amma ya durƙusa ya zama ɗalibi. Da tsohon ya rasu, biram bai bi shi kabari ba: Barka ya kai shi har Turai, aka naɗe shi a faifai kafin shi ma ya rasu a 2018. Ka ga malami kuma makaɗi a jikin mutum ɗaya.

Wani misalin kuma daga Gana yake. Abraham Adzenyah, makaɗin ganga, ya koyar a Jami'ar Wesleyan ta Amurka fiye da shekara 40, tun daga 1969. Abin da ke hannunsa aka duba aka ɗauke shi. Mu kuwa in Sarkin Kiɗan wata masarauta ya nemi koyarwa, takardar digiri za a fara tambayarsa, shi ke nan magana ta mutu.

Saboda haka shawarata ba mai tsada ba ce. Jihar Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da ta jiha a Kafin Hausa tun 2013, ga kuma Kwalejin Ilimi a Gumel mai yaye malaman makaranta. A manhajar firamare da ƙaramar sakandare akwai darasin al'adu da fasaha, kiɗa na ciki, kuma ana rubuta kiɗa a jarrabawar WAEC. Malaman da za su koyar da shi daga wani wuri za su fito. Me zai hana a ɗauki mai algaita ɗaya da mai kalangu ɗaya da mai gurmi ɗaya, a ba su aji da albashi da mutunci, a haɗa su da malamin Hausa da ya san nazari? Jihar da ta haifi Haruna Uji na Haɗejiya bai kamata ta rasa inda ake koyon gurmi ba. Masu kiɗan situdiyo su ma a buɗe masu gajeren kwas, su zo su ji yadda ganga ta gaske ke numfashi, su kuma koya wa dattawan yadda ake naɗar sauti.

Ku kuma furodusoshi, naku ya fi sauƙi. In za ku yi fim ɗin sarauta, kuɗin da ake kashewa a kan rawani da alkyabba a ɗan gutsura a kira makaɗan fada na gaske, a ɗauki sautinsu. Ranar da yaron gidan kiɗa ya ga sunan mahaifinsa a jerin ma'aikatan fim, ya ga an biya shi kamar yadda aka biya mai kyamara, zai sake tunani kafin ya rataye ganga.

Hular dakta kyauta ce mai kyau, amma da mai ita ake rufe labarinta. Aji kuwa yana haifar wani ajin. Kai mai karatu, in akwai tsohon makaɗi a unguwarku, je ka tambaye shi yara nawa ne ke koyo a hannunsa. Amsar da ya ba ka, rubuto mana ita.

Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa, in muna da rabon ganawa.